Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da Ya Koyar a Masar

Mu da muke zaman baƙunta, ga wani magabacinmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi mutumin ƙasar Katsina ne. Ya yi karatu a hannun manyan malamai, ciki har da Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, sannan ya kama hanyar hajji. Bayan ya sauke farali sai ya yada zango a Alƙahira.

Fanninsa lissafi ne da taurari da hatimi. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai layuka mara, wato uku, biyar, bakwai. Mutanenmu sun ɗauki hatimi kayan laya kawai, alhali kuwa lissafi ne zalla. Ɗauki mai gida tara: a jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Dole 5 ta zauna tsakiya. Juya shi, kife shi, za ka samu fuska takwas, amma hatimin ɗaya ne tak. Irin wannan juyi da kifewa, a yau fanni ne guda da ake karantarwa a jami'o'i. Mai gida 25 kuwa, kowane layinsa 65 ne.

Bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a 1741 a gidan mai masaukinsa, Shehu Hassan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin Masar Abdurrahman Aljabarti, kuma shi ya bar wa littattafansa. A Alƙahira aka binne shi. Allah ya jiƙansa.