C. V. Raman: Masanin da Shuɗin Teku Ya Ɗaure wa Kai

A wannan makon mun zaɓo muku C. V. Raman, haifaffen Indiya a 1888. Ya ajiye aikin baitulmali mai gwaɓin albashi ya rungumi bincike. A 1921, yana cikin jirgin ruwa, ya tambayi kansa dalilin shuɗin teku, sai ya duƙufa nazarin haske. A 1928 shi da ɗalibinsa Krishnan suka gano cewa idan haske ya bugi abu ya watsu, ɗan kaɗan daga cikinsa kan sauya launi, kuma kowane sinadari da irin sauyinsa. Ya samu kyautar Nobel a 1930, ya rasu a 1970. Yau da dabararsa ake bankaɗo jabun magani, ana tantance lu'ulu'u, ana nazarin ƙwayoyin cutar daji. 'Yan'uwa ɗalibai, kada mu raina tambaya.