Tommy Green, Zakaran Gasar Tafiyar Sauri

Ɗalibi, ka san tafiya da ƙafa ma gasa ce a duniya? Dokarta ita ce, ba a gudu. Dole ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa koyaushe, wanda ya saɓa kuwa a fitar da shi.

Ɗaya daga cikin zakarunta shi ne Tommy Green. An haife shi a Fareham ta ƙasar Ingila a 1894. Ciwon laushin ƙashi ya hana shi tafiya har ya shekara biyar. Da ya girma ya yi Yaƙin Duniya na Farko, inda ya ji raunuka, ya kuma shaƙi iska mai guba. Likita ya shawarce shi da motsa jiki. Sai da ya haura shekara 30 sannan ya fara gasa.

Sau huɗu yana lashe tseren Landan zuwa Brighton, tafiyar fiye da kilomita 80. A 1932 ya je wasannin Olamfik a Los Angeles ta Amurka. Nisan tseren kilomita 50 ne. Da za ka tashi daga Shehuri a Maiduguri, sai ka wuce Konduga kafin ka cika shi. Cikin tsananin zafi Green ya kammala a awa 4 da minti 50, ya karɓi lambar zinariya yana ɗan shekara 38.

Ya rasu a 1975. In ka ga yaron da tafiya ta yi wa nawa, kada ka yanke masa ƙauna.