Julius Nyerere: Malamin da Ya Ɗauki Nauyin Maƙwabtansa

An haifi Julius Nyerere a Butiama a 1922. Malamin makaranta ne, Kirista ɗan ɗarikar Katolika, shi ya jagoranci Tanganyika har ta sami 'yancin kai a 1961. Ƙasarsa matalauciya ce, duk da haka ya buɗe ƙofar Darussalam ga masu yaƙin neman 'yanci daga Mozambik da Afirka ta Kudu. Ya haɗa kai da Zambiya, da taimakon ƙasar Sin, aka shimfiɗa layin dogo domin tagullar Zambiya ta kai teku ba sai ta bi ta hannun Turawan Rodeshiya ba. Ya sauka daga mulki da kansa a 1985, ya rasu a 1999.

'Yan'uwa cikin Almasihu, kada mu jira sai ikilisiyoyinmu sun wadata kafin mu karɓi waɗanda rikici ya raba da gidajensu.