Felix Mendelssohn, Shugaban Makaɗan Laifzig

A ƙasar Jamus akwai wani birni na fatauci da ilmi wanda a ke kira Laifzig. Cikin shekara ta 1743 waɗansu attajiran garin suka haɗa kuɗi, suka ɗauki makaɗa goma sha shida domin su riƙa yi musu kiɗa. A 1781 makaɗan nan suka koma wani zaure cikin gidan fatake masu sayar da tufafi, wanda Jamusawa ke kira Gewandhaus, watau Gidan Tufafi. Sunan nan ya bi su har wa yau. Amma mutumin da ya ɗaukaka su, har labarinsu ya game Turai, shi ne Felix Mendelssohn.

An haife shi a Hambug ran 3 ga Fabrairu, 1809. Kakansa, Moses Mendelssohn, babban malami ne cikin Yahudawa, ubansa kuwa mai banki ne. Yana ɗan shekara biyu suka ƙaura zuwa Barlin, yana da bakwai aka shigar da shi addinin Kirista. Shi da yayarsa Fanny tare suka yi karatun kiɗa wurin wani malami mai suna Zelter. Gidansu akwai wadata, amma iyayen ba su yarda da lalaci ba, tun da asuba a kan tashe su koyo. Kafin ya cika shekara goma sha takwas ya riga ya tsara kiɗe-kiɗen da gwanaye ke kaɗawa har yanzu.

Ku sani, 'yan'uwa, Turawa su kan rubuta kiɗa a takarda kamar yadda a ke rubuta magana, saboda haka mutum ya kan mutu kiɗansa ya saura, in an sami mai buɗe takardun. Wani gwani mai suna Bach ya yi aiki a Laifzig daga 1723 har ya rasu a 1750, sa'an nan manyan ayyukansa suka kwanta, ba mai waiwayarsu sai ɗaiɗai. A 1829 Mendelssohn, yana ɗan shekara ashirin, ya tara mawaƙa da makaɗa a Barlin, suka yi wani babban aikin Bach. Daga nan mutane suka farka, suka shiga neman sauran.

A 1835 aka naɗa shi shugaban makaɗan Gidan Tufafi, shekarunsa ashirin da shida. Kafin zuwansa, in za a yi dogon kiɗa wanda ba waƙa a ciki, babban mai goge ne ke jan sauran, yana kaɗa nasa gogen. Shi kuwa sai ya tsaya gabansu da ɗan sanda a hannu, yana nuna wa masu goge da masu busa da masu ganga inda kowa zai shiga, da inda za a sassauta. Ya tsananta musu wajen gwaji, amma kuma ya matsa wa hukumar gari har aka ƙara musu albashi, domin ya san mai jin yunwa ba ya gyara aiki. Ya kawo abokinsa Ferdinand David ya zama babban mai goge, kuma dominsa ya tsara shahararren kiɗan gogen nan da aka fara yi a 1845.

Ba shi da ƙyashi. Sa'ad da Schumann ya tarar da wani dogon kiɗa na marigayi Schubert ajiye a Biyana, Mendelssohn ne ya fara fitar da shi ga jama'a a 1839. A 1843 ya kafa makarantar koyon kiɗa a Laifzig, ya kuwa shiga aji da kansa yana koyarwa. Ingila ma sau goma ya je, har ya yi kiɗa gaban Sarauniya Victoria.

Yawan aiki ya ci ƙarfinsa. A watan Mayu, 1847, Fanny ta rasu farat ɗaya, bai kuwa ƙara samun kansa ba. Ran 4 ga Nuwamba na shekarar ya bi ta, yana da shekara 38, ya bar mata da 'ya'ya biyar.

Bayan mutuwarsa ƙiyayya ba ta ƙyale shi ba. A 1850 Wagner ya rubuta takarda yana kushe shi saboda asalinsa na Yahudawa. Zamanin Hitler aka hana kiɗansa, a 1936 kuma aka tumɓuke mutum-mutuminsa daga ƙofar zauren makaɗan. Magajin garin, Goerdeler, ya nemi a mayar, aka ƙi, ya ajiye aiki. Zauren kansa bom ya cinye shi a 1944.

To, ina aka kwana? An gina sabon zaure a 1981, an sāke tsai da mutum-mutumin a 2008, kusa da cocin da Bach ya yi aiki, makarantar da ya kafa kuwa sunansa ta ke amsawa. Mu da za mu fita koyarwa, ya kamata mu duba halin mutumin nan: ya girmama na gabansa, ya kula da na ƙarƙashinsa, ya kuma bar almajirai a baya.