Labarin Likita Debid Burus, Mai Binciken Sammore

An haifi Debid Burus a Ostareliya cikin 1855, ya zama likitan sojan Ingila. Cikin 1894 aka aike shi ƙasar Zulu, inda sammore ke ƙarar da shanu. Shi da matarsa suka duba jinin dabbobi da madubin likita, suka ga ƙwayar cutar tana wutsil-wutsil, suka tabbatar tsando ke ɗauko ta daga namun daji.

Amma makircinta sai bayansa aka gane shi. Riga gare ta. Da jini ya shaida rigar ya tasam mata, sai waɗansu ƙwayoyin su sake wata, su ci gaba da yaɗuwa. Don haka har yau ba ta da allurar rigakafi.

Ya rasu a Landan cikin 1931, kwana huɗu bayan matarsa.