George Washington Carver: Ɗan Baiwa Da Ya Farfaɗo Da Gonakin Talakawa

An haifi George Washington Carver wajen shekarar 1864 a jihar Misuri ta ƙasar Amurka, lokacin ana sauran bauta a can. Yana jariri 'yan fashi suka sace shi tare da uwarsa. Aka samo yaron, amma ba a ƙara jin ɗuriyar uwar ba. Ubangidansu Moses Carver da matarsa su suka yi renonsa.

Ya sha wuya wajen neman ilmi, har wata kwaleji ta ƙi karɓarsa don shi baƙar fata ne. Duk da haka ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Ayowa, ya sami digiri a 1894, da na biyu a 1896. A shekarar nan Booker T. Washington ya kira shi ya shugabanci sashen noma a makarantar Tuskegee ta jihar Alabama.

To, abin da ya tarar a Alabama shi ne ƙasa ta gaji. Shekara da shekaru auduga kaɗai ake shukawa, ruwa ya zaizaye gonaki, manoma baƙaƙe kuwa bashi ya yi musu katutu, ba su da kuɗin takin zamani. Carver ya ga maganin yana cikin gonar kanta. Ya koya musu canja shuka: bana auduga, baɗi gyaɗa ko wake. Dalili kuwa, akwai waɗansu ƙananan halittu a saiwar gyaɗa da wake masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, su mayar wa ƙasa ƙarfinta. Ya kuma nuna musu yadda za su tara ganyaye da kashin dabbobi da laka daga fadama su ruɓe su zama taki. Ya ƙarfafa noman dankali don iyali su sami abinci ko da auduga ta yi gardama.

Da yake yawancin manoman ba su iya zuwa makaranta, a 1906 aka haɗa keken dabbobi ɗauke da kayan gwaji, yana bin ƙauyuka. Ya wallafa ƙasidu 44 cikin sauƙaƙan kalmomi. Ta 1916 ta ƙunshi hanyoyi 105 na sarrafa gyaɗa don ci, domin manomi ba ya shuka abin da ba shi da amfani a tukunya ko kasuwa. A 1921 ya yi jawabi gaban kwamitin majalisar Amurka don kare manoman gyaɗa.

Jama'a, wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Waken da ya yi ta yabo asalinsa daga Afirka aka kai shi Amurka, kuma iyayenmu a gida tun tuni suke haɗa shi da gero da dawa a gona ɗaya. Mai aika kuɗin taki gida daga nan kurmi ya tuna da haka.

Carver ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943, bayan shekara 47 a Tuskegee. Bai yi aure ba, kuma abin da ya tara ya bayar don ci gaba da binciken noma a makarantar.