Taƙaitaccen Tarihin Likita Emil Kraepelin (1856–1926)

A Rara da ƙauyukan Wurno da Rabah, idan saurayi ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, ya ƙaurace wa jama'a, akan ce iskoki ne ko sammu. Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwar likitan da ya tsaya a kan cewa asalin wannan ciwo a jiki yake.

An haifi Emil Kraepelin a garin Neustrelitz na ƙasar Jamus a shekarar 1856. Bayan ya kammala karatun likita, ya koyar a jami'o'in Dorpat da Heidelberg, sannan ya koma Munich a 1903. Al'adarsa ce ya buɗe wa kowane majinyaci kati, yana bin yadda ciwonsa ke gudana shekara da shekaru. Da wannan ne a 1899 ya raba manyan cututtukan taɓin hankali gida biyu: mai tasowa yana lafawa, da mai kama matasa yana cin hankali sannu a hankali. Na biyun ne Eugen Bleuler ya raɗa wa suna sikizofiriniya a 1908.

Kraepelin ya zargi gado da wani dafi da jiki ke haifarwa ya lalata ƙwaƙwalwa. A 1904 ya tafi tsibirin Jawa don ya ga ko ciwon na Turawa ne kaɗai, ya kuwa tarar da shi a can. Amma har ya rasu a 1926 bai gano tabon da yake nema a ƙwaƙwalwa ba.

Ra'ayinsa bai rasa illa ba. Almajirinsa Ernst Rüdin ya mara wa dokar 'yan Nazi ta 1933 baya, wadda ta sa aka hana dubban majinyata haihuwa da ƙarfin tsiya, bisa hujjar gado. Binciken tagwaye ya nuna gado na da hannu, amma ba shi kaɗai ba, domin sau da yawa ɗaya kan kamu, ɗan'uwansa mai kama da shi sak ya tsira. A 1952 aka fara amfani da maganin da ke kwantar da ciwon, daga baya aka gane yana rage tasirin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa.

Abin lura a nan shi ne, wanda wannan lalura ta sama majinyaci ne, asibiti irin na Kware ya kamace shi, ba mari da turu ba.